Lutetiyum da Jikan Fari

Tunga, Minna

Zuwa ga aminina Irimiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai ƙorafi. Takarda na rubuto don kunnenka ya daina shiri da waya.

Ka tuna layuka biyun nan na ƙasan jadawalin sinadarai, lokacin da muke koyarwa a sakandare? Kullum sai mu tsallake su, mu ce wa yara ba sa fitowa a jarrabawa, mu tafi shan kunun gyaɗa a gindin mangwaro. Wallahi ina kewar kwanakin nan. To, na ƙarshen layin farko, lutetiyum, ya biyo ni har gida.

Ciwon dajin nan na mafitsarata ya shiga ƙashi. Likita ya ce allurar lutetiyum za a yi mini. Na tone tsohon littafinmu na duba. Sinadarin ɗaya ne amma iri biyu, nauyi ne ya raba su. Mai lamba 175 yana zaune daram har abada. Nawa shi ne 177, mai fitar da tururin da ke ƙone ciwo, kuma kafin mako ya cika rabinsa ya ƙare. Daga waje za a kawo shi, don haka ranar ba ta ɗaguwa.

Ga inda gizo ke saƙar: bayan allurar dole in nisanci jarirai na ɗan lokaci, alhali 'yata Mubina ta dawo gida haihuwar fari, yau ko gobe. 'Yan'uwa duk sun noƙe, wai zan haska musu gida. Ko ɗakin bayanka na Maikunkele yana nan? Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Naka har kullum,
Munzali

Maikunkele

Zuwa ga 'yata Mubina,

Ina gaishe ki da jego, ya ƙarfin jiki, ya ruwan zafi? Allah ya raya mana.

An yi allurar lafiya, ciwon ƙashin ma ya ɗan lafa. Baba Irimiya yana kula da ni. Kujerarsa a can bakin ƙofa, tawa a nan, muna ta ɗaga murya muna tuna ɗalibanmu.

Shi na tura wajen suna jiya a madadina. Ya dawo yana cika baki, wai yaron hancina ya ɗebo, kuma sunana aka sa masa. Na shiga ɗaki na yi kuka, ban ji kunya ba. Ni na yi miki huɗuba a kunne, na so ƙwarai in yi wa wannan.

Na ji mahaifiyarki Barira har ta fara kiransa angonta. Ki gaya masa mai gidan yana nan tafe. Likita bai yi mini alkawarin shekaru ba, ni ma ban tambaya ba. Mako mai zuwa dai ya ce zan iya ɗaukarsa. Ranar kada kowa ya karɓe shi daga hannuna, ko da ya yi kuka.

Mahaifinki,
Munzali