Rubutu a Murfin Kwali

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu ma lafiya lau, sai kewarki.

Na samu saƙonki cewa makarantar koyon jinya ta kusa da ku ta fara ɗaukar ɗalibai, in zo in zauna a wajenki. Tun ranar nake ganin kaina cikin farin kaya. Baba ya ce to, amma in bari gidan abincin ya ɗan tsaya da ƙafarsa.

Kin san layinmu, gidajen abinci ne a jere, kowa shinkafa da kaza. Shi ya sa Baba ya je wata bita ta koyon talla. Malamin ya ce musu kada su yi zarin sayar wa kowa, kowa ya nemi abu ɗaya tak da in an tuna shi, shi za a tuna. Baba ya dawo yana ta leƙa tukwane, Mama tana tambayarsa ko abu ɗayan ya faɗa cikin miya ne.

Ashe ni zan jawo wa kaina. Wani mai gyaran babur ya zo sayen kaza, ina ɓoye da littafina na soyayya a ƙarƙashin teburin ciniki, ya ce matarsa ta daina yi masa magana, me ake ce wa mace mai fushi? Kunya ta hana ni ɗaga kai. Sai kawai na ɗauki biro na rubuta a murfin kwalin kazarsa: "Gidan ya yi mini faɗi tun da kika daina dariya." Washegari ya dawo da abokansa biyu, kowa da laifinsa.

Ki gaishe mini da yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya jikin ƙaramin? Ki yafe mini jinkirin amsa, hannun ne ba ya hutawa.

Da kin zo ba za ki gane wurin ba. Baba ya soke duk sauran abinci, ya bar gasasshiyar kaza a kwali, an sake fentin allo da sunan "A Yi Haƙuri". Duk wanda ya ɓata wa matarsa rai nan yake zuwa, ya faɗa mini abin da ya yi, in rubuta masa a murfi. Wani ya manta da ita a asibiti. Wani ya yabi girkin maƙwabciya. Akwai wani tela da yake zuwa duk mako, har Baba yana masa ragi. Mama ta ce wa Baba, tunda shi ne dillalin ban haƙuri na gari, nata na shekara da shekaru yaushe zai iso? Ya ce mata kayan sayarwa ne, ba na gida ba.

Yaya, abin da ban faɗa wa kowa ba, na daina jin daɗin littattafaina. In saurayi ya fara zuba kalamai, sai in ji ina tambayar kaina me ya aikata.

Na yi murna a ɓoye da mai shagon da ke kallonmu ya fara saka katin da aka buga a inji cikin kwalinsa. Na ce shi ke nan, an kwaikwaye mu, zan samu tafiya. Baba ya koma wajen malamin, ya ce masa ya riƙe abin da ba a iya kwaikwaya. Yanzu an fito da teburina gaban gilashi, masu wucewa suna kallona ina rubutu.

Na roƙi Baba in rubuta murfi da yawa in bar masa, ko a riƙa bugo mini waya daga can. Ya ce, "Mamana, ba rubutun kaɗai suke saye ba. Ke ba kya kallon fuskar mutum, ba kya maimaita magana. Wa zai faɗa mini ni laifinsa?" Kin tuna yadda kuke cewa kunyar nan za ta hana ni ci gaba? To ga shi an rataye ta a allo.

Don Allah ki kira shi, ke yana jin maganarki.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. Na gode da kiran da kika yi masa, na san kin yi iya ƙoƙarinki.

Jiya aka rufe ɗaukar ɗalibai, kin fi ni sani. Ban tuna wa Baba ba. Tun safe yake kewaya teburina yana goge gilashin da ba datti. Ban ga laifinsa sosai ba, Yaya. Rabon da in ga yana dariya da masu saye haka tun ina ƙarama, kuma ma'aikata biyun da ya sallama bara sun dawo bakin aiki.

Da rana, da mutane suka ɗan ragu, ya zo ya ajiye mini kwali, cinya biyu, waɗanda ya gasa da kansa. Ya tsaya da biro a hannu ya daɗe, ya mayar aljihu, ya ce in ci tun da zafi, maganar makaranta sai baɗi in Allah ya kai mu. Baɗi kuma malaminsu ya ce a buɗe reshe.

Na so in ture kwalin. Na so in yi irin fushin da ake yi a littafi, a tashi a buga ƙofa. Amma telan nan yana tsaye yana jira da sabon laifi, Mama tana leƙowa daga wajen girki, ga yunwa ina ji.

Na ci, Yaya, har ƙashi. A da ina ɗauka matan nan don daɗin kalamaina suke haƙura.

Ki gaida maigidan da yara, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta