Na Hana Matuƙin da Ba Shi da Uba Jari, Sun Naɗe Tabarmarsu

Hajiya Siddiƙa, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai kuma ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni ban yi lakwal ba, wato boko. Maƙwabciyata Dinatu ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Ni mutumin Tawa ne, amma a Arlit na tsufa. Motar ma'aikata na tuƙa, daga gari zuwa ramin haƙar ma'adinai, daga rami zuwa gari, har idona ya rage. Da anka rufe ramin, abokaina sunka watse, wannan Maraɗi, wancan Damagaram, wasu kuwa ƙasa ta rufe musu ido. Mai ɗakina ma ta riga ni. 'Ya'ya suna Yamai, sai gaisuwa ta salula, ita ma a gurguje kamar ana korarsu.

Ana nan sai ɗan ƙanwata Halidu, mai gyaran lantarki, ya roƙi aron inuwar tsakar gidana ran Lahadi, shi da abokansa. Magidanta ne fa, da gemunsu, amma wasa ya kawo su. Su baza tabarma, su shimfiɗa wata takarda mai zanen taurari. Halidu ke ba da labari, sauran kowa da jirginsa na fatauci tsakanin taurarin, su jefa 'yan ƙwayoyi masu lamba irin na lido a ga ko tafiya ta yi kyau. Da farko dariya nake musu daga kujerata. Amma sai na ji suna shirme a kan kuɗi. Kowace duniya da nata kuɗin, ba wanda ya iya canji. Na tsoma baki, na sake tsomawa, sai Halidu ya ce to daga yau Kawu ne bankin taurari.

Hajiya, na riƙe aikin nan da gaske. Ƙwallon dabino kuɗin wata duniya, marfin kwalba na wata, wake na masu haƙar ƙanƙara. Ni ke yanke canji, in ayarin jirage ya makara in tada farashi. Na soke kuɗin ruwa, na ce ko a bayan wata ba ni cin haram. In na ba jirgi jari, in ya dawo mu raba riba. Duk sunka yaba. Tun ran Juma'a nake sayen gawayi da sukari saboda shayinsu. Rabon da wani ya juyo ya tambaye ni ra'ayina a kan wani abu, wallahi na manta.

Rigimar daga Ghissa ta faro, ɗaya daga cikin abokan Halidu. Mutumin kirki ne, ɗan garin Dannet, ba ni da komai da shi. Amma matuƙin da yake wasa da shi, wai ba haifarsa anka yi ba, a cikin inji anka ƙera shi, ba uwa, ba uba, ba gari. Man jirginsa ya ƙare a wata matacciyar tauraruwa, ya aiko neman jari. Na tambaya wa zai tsaya masa. Haka na tashi na gani a kasuwarmu: ba a ba baƙo kaya sai an san gidansu, ko wani sananne ya ɗauki lamuninsa. Ya ce ba shi da kowa, ai labarin ke nan. Na ce banki ba ya ba iska jari. Sunka yi dariya, sun ɗauka raha nake. Halidu ya ja ni gefe, wai littafin wasan bai san da wannan doka ba. Na ce littafin bai taɓa ba baƙo kaya ya gudu da su ba. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta biyo, jirgin yana can rataye cikin duhu, shi Ghissa yana zaune yana kallon wasu na wasa. Ban janye ba. In janye don me?

Yanzu sun koma gidan Ghissa. Ba wanda ya zo ya gaya mini, a bakin wani ɗan kabu-kabu na ji. Wai salula ke yi musu canji. Halidu kan leƙo ya gaishe ni a tsaye ya wuce. Har yanzu ran Lahadi nakan share wurin in yayyafa ruwa, sai daga baya in tuna. Ba zan je in roƙi sa'annin 'ya'yana ba. Amma Hajiya, yinin yana da tsawo. Ki faɗa mini wa ke da laifi, kuma kada ki ce ni ne don ban yi karatu ba.

Tsohon Direba, Arlit

Baba, ina gaisuwa, Allah ya jiƙan Inna.

Maganar karatu ba ta taso ba, don da ba su ga kaifin kanka ba da ba su damƙa maka bankin ba. Kuma sun yi maka ba daidai ba. Mutumin da ya ba ku inuwa da shayi ba a naɗe tabarma a bar gidansa ba sallama. Halidu ya san haka, shi ya sa ba ya iya zama idan ya zo.

Sai dai ka duba ɓangaren Ghissa. Magidanci ya baro iyalinsa a ranar hutunsa, ya zauna makonni ba a ba shi damar jefa ƙwaya ba, saboda sharaɗin da ba shi da hanyar cikawa. Ba matuƙin inji ka bari cikin duhu ba, Baba, abokin zamanka ka bari.

Dokar kasuwar da ka kawo gaskiya ce, amma rabinta ka kawo. Baƙon da ba a san gidansu ba, mai masauki ke tsaya masa, shi ya sa fatake ke iya ciniki a garin da ba su da kowa. Kai ma ranar da ka sauka Arlit, su wa suka san mahaifinka? Wani ne ya ce wannan nawa ne, aka miƙa maka makullin mota.

Don haka ba sai ka roƙi kowa ba, ba sai ka karya dokarka ba. Ka aika wa Halidu cewa an sami mai tsaya wa matuƙin, kuma kai ne. Kada ka sa sharaɗin su dawo gidanka. Ran Lahadi ka sa rigarka mai kyau ka tafi gidan Ghissa, ka yi sallama, ka zauna kusa da shi. In sun ce wayar za ta ci gaba da canji, ka haƙura, ka nemi su ba ka jirgi naka. Ai direba ne kai.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa ka tarar an bar maka wuri.