Rijiyar Mai Kwaɗo

Litinin, 3 ga Maris
Tun da bama-baman nukiliya suka faɗi can nesa, ƙura ke sauka kamar toka. Rediyo ya ce guba ce, kada a sha ruwan da aka bari a buɗe. Tankinmu kuwa ba murfi, bakina har ya gaji da yi wa maigida magana. Jarka biyu ta rage. Ga Auta da zawo, sai neman ruwa.

Laraba, 5 ga Maris
Inna ta ɗebo na tanki ta tafasa, wai ba abin da wuta ba ta kashewa. A bakin Auta na ƙwace kofin. Na ce mata wannan ba ƙwayar cuta ba ce, ko wuni aka yi ana tafasawa tana nan. Ta yi fushi, wai da tafasasshen ruwa ta raine mu. Na shige ɗaki na sha kukana.

Alhamis, 6 ga Maris
Kowane gwangwani sai an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin a buɗe.

Juma'a, 7 ga Maris
Jarka ɗaya. Saura rijiyar tsohon maƙwabcinmu, wadda ya yi wa murfin ƙarfe ya kulle da kwaɗo. Kullum maganarsa ɗaya, rijiya ba kasuwa ba ce, ɗiba ka rufe. Ni na raɗa masa Mai Kwaɗo. Da wane ido zan je?

Asabar, 8 ga Maris
Na rufe hanci da baki na je. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Yarinyar ce ko? Ina jin kukanta ta katanga." Sai da muka goge murfin tas, muka ɗauraye guga, sannan ya buɗe. Kunya kamar in nutse.

Talata, 11 ga Maris
Ma'aikatan lafiya sun zo da na'urar awo. A tankinmu ta dinga ƙara, a ruwan rijiya shiru. Auta ta warware, har ta ciji Inna. Unguwa duk nan take ɗiba yanzu.

Lahadi, 16 ga Maris
Ƙafar Baba Mai Kwaɗo ta kumbura, ya ba ni makullin. Ɗazu matar tela ta bar murfi a buɗe tana hira. Ban san sanda na ce, "Haba yaya, rijiya ba kasuwa ba ce!" ba. Aka kwashe da dariya, wai shi sak. Ba wata kama. Na dai koma na sake jan kwaɗon, in tabbatar.