Kakanni Bakwai da Mai Ajiyar Riguna

Oskemen, 3 ga Fabrairu

Tilektes,

Gaisuwa, tunda an koya mana ita. Muna lafiya. Apa, mahaifiyarmu, ma lafiya, sai gwiwa.

Takardarka ta iso. Ƙungiyarku ta hokin ƙanƙara za ta buga littafi ranar wasanka na bankwana, kana so in aiko maka da sunayen kakanninmu bakwai. Shekara talatin da shida, auta, ba ka san abin da kowane yaron Kazak ke rerawa kafin ya yi wayo ba? Na san faifan robar da kuke bugawa ya zubar maka da haƙori huɗu, ban san ya haɗa da ƙwaƙwalwa ba.

Na karanta hirarka a jarida. Wai jinin mahayan tsauni ne ya sa ka iya tsaron raga. Wane tsauni? Baba a masana'antar darma ya ƙare, dokin da ya sani shi ne wanda ke cikin tukunya. Shekara ashirin da biyar ina koyar da adabi, ban ga ɗalibin da ya ƙaga labari maras gishiri irin wannan ba.

Apa ce ta yi shekara goma sha tara a ɗakin ajiyar riguna na filin ƙanƙara, tana karɓar kwat ɗin mutane, don a bar ka ka shiga da safe kafin 'ya'yan manya su zo. Ita ta ɗinka maka kariyar ƙwauri da tsohuwar shimfiɗar ulu. Ban ga sunanta a hirar ba.

Takardar kakanni tana hannuna. Sa Apa da aikinta a littafin, in aiko.

Yayarka,
Ulbosin

Astana, 11 ga Fabrairu

Yaya Ulbosin,

Ina gaisuwa da ladabi. A gaishe da Apa. Yara suna tambayarki.

Yaya, kin san maza ake ƙirgawa a kakanni bakwai. Ba ni na shimfiɗa al'adar ba. Maganar tsauni kuma ɗan jarida ne ya ƙara. Don Allah ki aiko, ƙarshen wata za a kai maɗaba'a.

Ƙaninki,
Tilektes

Oskemen, 16 ga Fabrairu

Tilektes,

Ina amsa gaisuwa.

Yau kuma al'ada ka sani? Mutumin da ya tsaya a kaka na biyu ya fara sosa ƙeya? Littafin shafi sittin ne, an ce har karenka yana da hoto. Kare ya samu wuri, uwa ta rasa. Kana tare faifan da ke zuwa kamar harsashi, amma kana tsoron matar shugaban ƙungiya ta ji wadda ta haife ka ta taɓa rataye mata kwat.

Sharaɗina bai sauya ba. Ka huta lafiya.

Ulbosin

Astana, 21 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa. Ban so faɗa ba. Shafi biyu na rubuta a kan Apa, har da shimfiɗar ulun. Na karanta mata ta waya, ta sa na rantse zan cire. Ki tambaye ta.

Tilektes

Oskemen, 24 ga Fabrairu

Auta,

Gaisuwa. Na tambaye ta. Ta ci gaba da zuba shayi, ta ce, "Uwar Tilektes ba ta riƙe wa kowa kwat ba. Wata mata ce, kuma ta gama aikinta." Na yi faɗa har shayin ya huce. Ko kallona ba ta yi ba.

Ga kakanninka a haɗe, duk bakwai. Ban san abin da suka tsinana maka ba, amma sun samu shafinsu.

Za mu zo wasan. Ka sama mini kujera kusa da 'yan jarida. Kai ka rantse mata. Ni ban rantse wa kowa ba.

Sai mun iso,
Ulbosin