Muryar Goggo Falmata a Rediyo

Tanti Rukaiya, don Allah ki taimake ni, na gaji, kaina ya ɗaure.

Ni malamar Faransanci ce a wani kolej na yankin Yekuwa. Bana rediyon karkara ya ba lakkol ɗinmu, wato makarantarmu, fili, darekta ya ce ni zan riƙe shi, wai ai ni ce mai koyar da harshe. Ga aji cike, ga gyaran takardu, ga goyo. Ban yi musu ba, na tara yara na nuna musu inda ake latsawa a salula a ɗauki murya, na tura su su samo labarin ƙarancin ruwa a garinsu.

Suka je gun maigari. Tanti, da na saurari abin da suka ɗauko, gaisuwa ce zalla: ina gajiya, ina iyali, ranka ya daɗe. Yaran kirki ne, ba a koya musu tsare babba da tambaya ba. Ni kuwa na yi musu faɗa.

Sai Mansura, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta ji zafin faɗan. Ta ɓoye salula cikin hijabi, ta tafi bakin rijiya ta ɗauki hirar mata. Goggonta Falmata tana ciki, tana cewa sai shanun gidan maigari sun sha sannan mata ke samun jefa guga. Na ji daɗi, na cire sunaye, aka sa a rediyo. Ni 'yar birni ce, 'yar Magaria, na ɗauka cire suna ya isa. Ashe a ƙauye ko tari kika yi an san ke ce.

Yanzu goggon ba ta iya fita, ga mijinta gonar aro yake nomawa ta maigari. Malam Bawa, uban Mansura, ya ce ta bar lakkol ke nan, tunda tonon asiri ake koya mata. Bana za ta yi jarrabawar brebe ta gama kolej, Tanti. Darekta kuwa shirin mako mai zuwa yake tambayata. Ya zan yi?

Malama da ta gaji

Ƙanwata, sannu. An ɗora miki kaya ba a tambayi wuyanki ba, darekta ma yana da nasa kason. Amma Malam Bawa ba rigima yake nema ba, 'yar'uwarsa aka jefa a bakin duniya.

Ki fara da Falmata. Ki je da ƙafarki, da wata dattijuwa da ake jin nauyinta, ki gaya mata ke kika sa muryarta a rediyo. Daga nan darekta ya raka ki gun maigari saboda gonar nan, sannan gun uban yarinya. Kada ki nemi afuwa ta rediyo, sake tallata baiwar Allah za ki yi.

Shirin kuma ya dakata, rediyo ba zai gudu ba. Ki koya wa yara su riƙe salula a fili, su faɗi inda muryar za ta, su karɓi a'a in an ce a'a. Tambayar manya kuwa, al'adarmu ta ba da ƙofa: ɗan aike yana faɗin abin da aka aiko shi ko a gaban wa. Su gaisa, su ce lakkol ce ta aiko su, sannan su yi tambaya. Ku gwada a aji, ke ce maigarin, har bakinsu ya saba.

Ki gaya wa Malam Bawa gaskiya a gaban 'yarsa: latsa salula kaɗai kika koya mata, wannan kuwa ta yi shi daidai. Sauran darasin yana hannunki, ki roƙe shi ya bar ta ta zo ta karɓa.

Allah ya huce zukata, ya nuna mana Mansura a ɗakin jarrabawa.

Tanti Rukaiya