Rigar da Baba Ya Ɗinka wa Kwamfuta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Umma da ke motsawa jefi-jefi.

Yaya, maganar shago ce ta sa na rubuto, kuma ba mai daɗi ba ce. Tsohuwar kwamfutar nan da ke juya keken surfani ta mutu. Da farko takan ɗauke ana tsakiyar aiki, allura ta tsaya cak a wuyan rigar mutane, sai wata safiya ta ƙi tashi sam. Mai gyara ya buɗe ta, ya nuna mini wasu abubuwa kamar ƙananan gwangwanaye jere a allon cikinta. Ya ce kafasita sunansu, su ke riƙe wuta su daidaita ta kafin ta isa ƙwaƙwalwar. Namu duk sun kumbura, wasu sun fashe, ruwansu ya cinye layukan allon. Ya sauya su, amma a banza. Irin allon an daina yin sa, keken kuma ba ya jin maganar sababbin kwamfutoci.

Mai gyaran ya ce kafasitocin sukan daɗe in suna shan iska, zafi ne ajalinsu, har yana tsokanata ko a kan murhu muke ajiye ta. Na kasa dariya. Ka tuna rigar da Baba ya ɗinka mata, mai auduga a ciki, don kada burbushin zare ya shige ta? Ko tana aiki ba ya yarda a cire. Ita ta toshe mata kafofin iska duk shekarun nan.

Ban iya faɗa wa Baba gaskiyar ba. Masu kaya sun fara kwashe yadinsu, idonsa kuma ba zai ɗauki surfanin hannu ba. Wallahi na karaya, Yaya, ban ga ta inda shagon nan zai tashi ba. Jiya na same shi yana laluben allura, yana ɗinka mata sabuwar riga kafin ta dawo daga gyara, wai waccan ta yi shara-shara, shi ya sa ciwo ya kama ta. Ni na zura masa zaren.

Ka gaishe da Anti, da Kawu, da ƴar lukutar jikar Umma. Baba ya ce kada ka damu, wannan karon riga mai ninki biyu ya yi wa kwamfutar.

Taka ƙanwa,
Auta