Albasar Kwaɗin da Aka Tone a Iyakar Gonata

Zuwa ga Likita Bature mai yawon neman saiwoyin magani a ƙasar Damagaram,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ne Idi, mai gona a hanyar Tsauni, wanda ya ba ka albasar kwaɗi bara. Za a karanta takardar nan a kasuwar Matameye, don kowa ya ji.

Na farko, godiya. Da ka dawo da bazarar nan, ka nuna mini ɗan farin gari a kwalba, ka ce daga albasata aka tace shi. Na ɗauka kanwa ce. Da na kara ido a madubinka mai ƙara girman abu, wallahi sai da na yi salati! Ƙwayoyi ne kamar allurai, kowace gefenta a miƙe, sai ka ce maƙeri ɗaya ya ƙera su. Tafintanka ya ce irinsu ake samu a wani fure mai ruwan ɗorawa na ƙasarku, har masana suna binciken yadda Allah ya jera cikinsu. Abin da ko akuya ba ta kallo! Har yau ban bar ba da labarin ba, iyalina sun gaji da ni.

Na biyu, kuka. Ka nemi ƙari, na nuna inda take kwance, na yarda a ɗebi kaɗan. Ina kasuwa ma'aikatanka suka bi layinta suka tone ta kaf, suka loda a mota. Ranka ya daɗe, ba don magani aka dasa ta ba. Mahaifina ne ya jera ta tsakaninmu da gonar maƙwabcina Tanko, saboda dabba ba ta cin ta, gobarar daji ba ta kashe ta. Da rani ta ɓuya a ƙasa, ruwan fari na sauka ta fito ta nuna wa kowa iyakarsa.

Na uku, Tanko ya cike ramukan, ya watsa taki, ya ce iyaka tana gindin gawo, can tsakiyar gonata. Mai gari ya ce in kawo shaida, alhali dattawan da suka ga dasawa duk sun rasu. Gefen da yake neman ƙwacewa shi ke cika mini rumbu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga hadari ya fara haɗuwa.

Roƙona, ka turo waɗanda suka yi tonon su nuna wa mai gari inda suka sa fartanya, kafin a yi shuka. A kuma maido mini da 'yan kawunan albasar in mayar a layinsu.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa ƙwayoyin nan su warkar da bayinsa. Ni dai kada a warkar da mutanen wata ƙasa alhali gerona yana shiga rumbun Tanko.

Wassalam.
Idi, hanyar Tsauni